Tambaya da Amsa: Hotunan Wuraren Shaƙatawa a Intanet Ba Tare da Kashe Kuɗi Ba

Wasiƙun wannan fitowar daga ma'aikatan lambunan shaƙatawa, gidajen namun daji da gandayen daji suka zo, kuma kusan duk damuwarsu ɗaya ce: yadda za su nuna wa jama'a wurarensu a intanet alhali ba a ware musu kuɗin yin hakan ba.

Tambaya: Ina aiki a sashen kula da lambunan shaƙatawa na wata hukuma. Shugabanmu ya ce in fara sa hotunan lambunan a intanet, amma ko kwabo ba a ba ni ba. Ta ina zan fara? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Malam, kada ka ɗora hoto ko ɗaya tukuna. Fara da mallakar asusun, domin a nan ne yawancin ofisoshi suke yin asara. Ma'aikaci ya buɗe shafi da lambar wayarsa, ya tara hotunan shekara uku, sai a yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, shafin ya bi shi. Wani lokaci ma layin ne zai daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya ya sake sayar da lambar, saƙon tabbatarwa ya koma shiga wayar wani baƙo.

Saboda haka a samu layi guda na ofis, a riƙa sa masa kati kowane wata. Tunda a Najeriya kowane layi a haɗe yake da lambar NIN ta wani, a rubuta a fayil sunan wanda aka yi rajistar da shi. Da wannan layin za a buɗe adireshin Gmail mai ɗauke da sunan sashen, a kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa lambar da aka turo wa wayar kafin a shiga. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 waɗanda ake shiga da su idan wayar ta ɓata. A buga su a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye a wurin shugaban sashen.

Daga nan sai Google Maps, kafin Facebook ma. Magidancin da ke son fita da iyalinsa ranar Asabar a taswira yake fara dubawa. Rajistar wurin kyauta ce: a sa suna, a daidaita alamar a kan ƙofar shiga ta ainihi, a rubuta ranaku da sa'o'in buɗewa da lambar ofis. Google zai nemi a tabbatar cewa ku ne masu wurin, sau da yawa ta ɗan gajeren bidiyo ko saƙon waya. A kula da alamar nan sosai. Idan ta faɗa tsakiyar lambun ko bayan katanga, taswira za ta riƙa kai mutane lungun da ba ƙofa.

A Facebook kuma, shafin hukuma za ku buɗe, ba asusun mutum ba. Asusun mutum yana tsayawa a abokai 5,000, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da shi. Shafi kuwa ana iya naɗa masa masu kula fiye da ɗaya. A naɗa aƙalla biyu masu cikakken iko.

Tambaya: Tsakanin Google Photos, Flickr da Facebook, a ina ya fi dacewa mu ajiye hotunanmu? (Wata ma'aikaciya daga Katsina)

Amsa: Hajiya, ko ɗaya daga cikinsu ba wurin ajiya ba ne. Rumbu daban, rumfar kasuwa daban. Waɗannan duk rumfuna ne na baje kaya, kuma mai rumfar yana iya canza sharaɗi duk ranar da ya ga dama. An sha gani. A 2016 Google ya rufe Picasa, ya kuma rufe Panoramio. A 2017 Photobucket ya toshe hotunan da mutane suka liƙa a wasu shafuka, ya ce sai an biya kusan dala 400 a shekara. A 2018 SmugMug ya sayi Flickr, daga 2019 kuma asusun kyauta ya koma hotuna 1,000 kacal. Shi ma Google Photos ya daina ba da ajiya marar iyaka tun 1 ga Yunin 2021.

Ga yadda suke a aikace. Google yana ba kowane asusu GB 15, amma Gmail da Drive da Photos ne suke rabawa. Hoton waya mai kyau yana cin MB 3 zuwa 5, kin ga ke nan wurin zai ɗauki hotuna 3,000 zuwa 5,000 idan ba a sa bidiyo ba. Ranar da ya cika, wasiƙun ofis ma za su daina shigowa, kuma mutane da yawa ba sa gane dalili. Amfaninsa shi ne kundin haɗin gwiwa: ki buɗe kundi ɗaya don bikin Sallah, ki tura wa ma'aikata mahaɗinsa, kowa ya zuba abin da ya ɗauka. Flickr ya fi dacewa da zaɓaɓɓun hotuna, waɗanda ɗan jarida ko malamin makaranta zai nema, domin kowane hoto yana da wurin rubuta bayani da sharaɗin amfani. Facebook kuwa yana matse hoto, yana rage masa kyau, don haka abin da kika sauke daga can ba zai yi kalanda ko allon talla ba.

Rumbun gaskiya yana ofis: kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje wanda ake kullewa a wani ɗakin daban, na uku a intanet. A tsara manyan fayiloli shekara-shekara, a riƙa sa wa hoto suna da kwanan wata a gaba, kamar 2025-06-14 lambu lilo 01. Bayan shekara biyu babu wanda zai tuna abin da ke cikin hoto mai suna IMG 4471.

Tambaya: Hotunan da ma'aikatanmu ke turowa dishi-dishi suke fitowa, ga shi lambun yana da kyau a ido. Wayar ce ba ta da kyau? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Da wuya laifin wayar ne. Abu na farko da za ka zarga shi ne WhatsApp. Idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, yana matse shi daga MB 4 ya koma ƙasa da rabin MB ɗaya. In aka sake tura shi, aka ɗauki hoton fuskar waya, aka sake ɗorawa, to ya gama lalacewa. A tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, zai iso yadda aka ɗauke shi.

Sai jawo hoto da yatsu biyu. A yawancin wayoyi wannan ba ya kusanto da komai, yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi. Gara mutum ya taka ya matsa kusa, in dai ba kejin zaki ba ne. A goge gilashin kyamara da gefen riga mai laushi kafin a fara, musamman da hunturu, lokacin da ƙura da man shafawa ke haɗuwa a kansa. Rana tsaka tana ƙona launi, tana zuba baƙar inuwa a fuska. A ɗauka tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, ko bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. Ranar da hazo ya sauko a haƙura da hoton nesa, a ɗauki na kusa: fure, benci, ɗawisu.

Kafin a ɗora, a rage tsawon hoton zuwa kusan piksel 2,000 (piksel su ne 'yan ɗigogin da ke haɗa hoto). Manhajar Snapseed kyauta ce, kuma tana yin wannan. Hoton zai koma kamar KB 300 zuwa 600, ya buɗe da sauri ko a wayar mai ƙaramar data.

Wani abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi kaifin hoto muhimmanci, shi ne abin da ake ɗauka. Shafukan hukumomi cike suke da hotunan manya suna yanke kirtani. Uwar da za ta zo da yara biyar ba wannan take nema ba. Tana son ganin ƙofar shiga, allon kuɗin tikiti, wurin ajiye mota, wurin sallah, banɗaki, inuwar da za ta shimfiɗa tabarma, da lafiyar sarƙar lilo. Kuma a rubuta watan da aka ɗauki kowane hoto. Wanda ya ga koren ciyawar Agusta ya zo a Maris ya tarar da ƙasa fetal, zai ce an yaudare shi, kuma yana da gaskiya.

Tambaya: Da Sallah lambunmu yana cika da yara, hotunansu kuma su suka fi jan mutane. Akwai laifi idan muka sa su? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Akwai, idan fuskar yaron ta fito sarai kuma ba a tambayi iyayensa ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce idan ana buƙatar amincewa a kan bayanan yaro, daga iyaye ko mai riƙonsa ake neman ta, kuma hoton da za a gane mutum a cikinsa yana cikin bayanansa. Ko babu doka, kowa ya san ba kowane magidanci ne zai ji daɗin ganin 'yarsa ko matarsa a shafin hukuma ba.

A kafa sanarwa a ƙofa, da Hausa da Turanci, cewa ana ɗaukar hoto. A riƙa ɗaukar taro daga nesa ko daga baya. Idan ana son hoton yaro ɗaya a kan lilo, a nuna wa uwa ko uba hoton a waya, su sa hannu a 'yar takarda mai layi uku: suna, kwanan wata, da inda za a sa hoton. Yaran da suka zo yawon Sallah su kaɗai, ba babba tare da su, a bar su. Kada a taɓa haɗa fuskar yaro da sunansa da sunan makarantarsa. Wanda duk ya ce a cire hotonsa, a cire a ranar, ba tare da jayayya ba.

Tambaya: Ni ma'aikacin gandun daji ne. An ce mana hoton dabba yana iya nuna wa mafarauta inda take. Gaskiya ne? (Mai karatu daga Bauchi)

Amsa: Gaskiya ne, kuma wannan ita ce tambayar da muka fi so kowa ya karanta. Idan an kunna liƙa wuri a kyamarar waya, kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: ranar ɗauka, sa'a, irin wayar, da lambobin GPS da ke nuna wurin da tazarar 'yan mitoci. Wanda ya sauke asalin hoton zai iya karanta su cikin minti ɗaya. Ga garken giwaye irin na Yankari, ko birai na Gashaka-Gumti, ko raƙuman dawa na Kure a Nijar, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Hanyar da muka ce ta fi kiyaye kyan hoto, wato tura shi a matsayin fayil, ita ce kuma ke barin wannan bayani yadda yake. Haka kundin Google Photos da asalin hoto a Flickr suna iya nuna wuri idan ba a hana su a saiti ba. Saboda haka kafin a shiga daji a buɗe saitin kyamara a kashe liƙa wuri. Idan aikin sintiri yana buƙatar lambobin, a ajiye asalin a kwamfutar ofis, a fitar da kwafin da aka goge wa bayanin, shi za a ɗora.

Goge lambobi kaɗai bai isa ba. Mafarauci ɗan yankin ya san kowane dutse da kowace mashaya. Da rani dabbobin Yankari suna taruwa a bakin kogin Gaji, don haka hoton da ya nuna wata kuka ko lanƙwasar kogi ya riga ya faɗi wurin. A yanke bayan hoton, a rubuta sunan gandun kawai, a kuma jinkirta ɗorawa da mako biyu ko fiye. Kada a nuna fuskokin masu sintiri, ko sansaninsu, ko lokacin fitarsu. Manhajar iNaturalist, wadda ake ɗora hotunan dabbobi da tsirrai a kanta, tana ɓoye ainihin wurin dabbobin da ke fuskantar barazana da kanta, tana nuna faffaɗan yanki na kusan kilomita 20 maimakon ɗigo ɗaya, kuma wannan ma'auni ne mai kyau da za ku bi. Wurare irin su ruwan ɗumi na Wikki, inda ake son baƙi su je, su kam a bar musu alamarsu.

Tambaya: Mun ga hoton lambunmu a kalandar wani ɗan kasuwa ba da izininmu ba. A gefe guda kuma ana ba mu shawara mu sa hotuna a Wikimedia Commons, shafin da ake tara hotuna don kowa ya yi amfani da su. Ba mu buɗe wa kanmu ƙofa ba ke nan? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Ku fara tantance mai hoton. A ƙa'ida hoto na wanda ya ɗauka ne, sai dai idan aikin ofis ne ko an yi yarjejeniya. Idan kun ɗauko mai hoto daga waje, ku rubuta a takardar biyansa cewa hukuma ce ke da hotunan. Da wannan takarda da asalin hoton a rumbunku za ku iya rubuta wa mai kalandar.

Commons kuwa ƙofa ce da ake buɗewa da gangan. Ba ya karɓar hoto sai da lasisin da ya yarda kowa ya yi amfani da shi, har a kasuwanci, kamar CC BY-SA, wanda ya wajabta a ambaci mai hoton. Kuma in an bayar ba a janyewa. Ribarsa ita ce daga can Wikipedia ta Hausa da ta sauran harsuna ke ɗaukar hotuna, 'yan jarida ma haka. Ku zaɓi 20 ko 30 na ƙofa, bishiyoyi, tsuntsaye da gine-gine, waɗanda ba fuskar kowa a ciki, ku rubuta bayanin kowanne da Hausa da Turanci. Waɗanda kuke shirin bugawa a katin gaisuwa ko kalandarku ta sayarwa, ku bar su a ofis.