Garin ƴaƴan bedi za ka sayar, kada ka ɗura ruwansa a kwalba

Wani mai teburin maganin ƙwari a Kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko mini da tambaya. Ya ce ƴan garka na Mirya da Gidimuni sun fara tambayarsa maganin bedi, wato dogon yaro, yana da jaka 150 na sefa a ajiye, yana so ya riƙa jiƙa shi yana ɗurawa a kwalabe yana sayarwa. Shin akwai riba?

Alhaji, riba akwai, amma ba a cikin kwalbar take ba. Ƙarfin bedi yana cikin ƙwayar ƴaƴansa, wani sinadari da ake kira azadiraktin, kuma rana da zafi suna kashe shi da wuri idan ya shiga ruwa. Abin da aka jiƙa yau, gobe ake fesa shi. Kwalbar da ta yi mako a teburinka cikin ranar Damagaram, ruwa mai ɗaci kawai za ka miƙa wa mutum, ya fesa wa kabejinsa, tsutsa ta ci gaba da ci, ya dawo ya ɓata maka suna a kasuwa. Ban da haka, maganin ƙwari mai suna da tambari sai kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari, ya amince da shi kafin a sa shi kasuwa.

Kuɗinka ka zuba su a busasshen kaya. Ka samu matan unguwa su tsinto maka ƴaƴan da suka nuna suka yi rawaya, ka biya su da tiya. A wanke naman jikinsu, a shanya a inuwa a kan tabarma, ana juyawa har su bushe ƙarau. A nan mutane da yawa ke asara: sai su yi gaggawa su zuba a buhun leda da sauran danshi, bayan kwana kaɗan ka buɗe ka ga sun yi fumfuna, ƙwayar ta yi baƙi, tana wari. Buhun algarara za ka sa, wanda iska ke ratsawa, ka ɗora a kan katako. Kada ka daka duka lokaci guda, domin ƙwaya ta fi gari jimirin ajiya. Na mako guda kawai za a riƙa daka maka.

Ƙullin kuma ka yi shi daidai aiki: rabin kilo na gari ga lita 10 na ruwa. Manomi ya jiƙa ya kwana, ya tace da ƙyalle mai laushi don kada famfon feshi ya toshe, ya sa ɗan farin sabulu, ya fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, ya maimaita bayan mako guda. Kuma ka gaya masa gaskiya tun a tebur: bedi ba piya-piya ba ne da za a ga ƙwaro ya faɗi nan take. Hana tsutsa ci yake yi, ya hana ta girma, sai bayan kwana biyu ko uku a ga bambanci. Wanda gonarsa ta riga ta cinye, kada ka yi masa alkawari.

Da ni ne, jaka 40 kawai zan fara da ita, sauran su ci gaba da juyawa a kayan da ka saba. Ka rubuta kuɗin tsinta, na daka, na leda da na amalanke, ka raba da yawan ƙullin da ya fito, sannan ka sa farashi. Ka ba manomi biyu ko uku da ake jin maganarsu kyauta, kowa ya fesa wa fangali guda ya bar na kusa da shi, maƙwabta su gani da idonsu.

Idan ƙullin ya karɓu, shekara mai zuwa sai mu yi maganar matse mai. Tunkuzar da ta rage ma masu tumatir za su saya su zuba a gindin shuka.