Jirgi ya sauka, gari na da nisa: me za a ɗauko a bayan kujera?

Wasiƙu huɗu ne a gabana wannan makon, dukkansu daga 'yan'uwanmu masu tuƙa ƙananan jiragen sama a ƙasashen waje, kuma damuwarsu ɗaya ce.

Ta farko daga Texas ta zo: "Assalamu alaikum Malam. Ina da lasisin tuƙa ƙaramin jirgi, nakan yi hayar Cessna 172 mu fita da maiɗakina a ƙarshen mako. Sau da yawa idan mun sauka a filin ƙauye babu tasi, Uber ba ya zuwa, gari kuma na da nisan kilomita biyar ko takwas. Keke mai naɗewa zan saya ko sukuta mai batir?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amurka na da filayen jirgi wajen 5,000 da kowa zai iya sauka, amma waɗanda jiragen fasinja ke zuwa ba su wuce kusan 500 ba. Sauran duk irin wanda ka kwatanta ne. Kafin ka fitar da ko sisi, ka riƙa buga waya filin da za ka je ka tambaya ko suna da motar aro ta matuƙa. Al'ada ce mai kyau a can: tsohuwar mota ce ake ajiyewa, ka ɗauka na awa ɗaya ko biyu kyauta, ka zuba mata mai kafin ka mayar. Manhajar matuƙa jirgi ta ForeFlight takan nuna filayen da ke da ita. Matsalarta kawai, wani zai iya riga ka.

Idan sayen ya zama dole, to tef ɗin awo da sikeli za ka fara ɗauka, ba katin banki ba. A samfurin 172S, ma'ajiyar kaya ta baya ba ta ɗaukar fiye da kilo 54, can ƙuryar kusa da jela kuwa kilo 23 ne iyakarta. Ƙofar ma'ajiyar ƙarama ce, faɗinta wajen santimita 39, tsayinta wajen 56. Duk abin da jirgin zai ɗauka, mutane da mai da kaya, kusan kilo 400 ne, gwargwadon na'urorin da aka ɗora masa. Cika tanki kaɗai yana cinye kilo 144. Kai da maiɗakinka da jakunkuna ku ce kilo 170, ka ga akwai sararin kekuna biyu. Ranar da kuka ɗauki baƙi biyu a kujerar baya, kekunan su kwana a gida.

Ba yawan nauyin kaɗai ne abin lura ba, har da inda ya zauna. Duk direban da ya taɓa lodin a-kori-kura ya san kaya idan ya taru a baya, gaban mota yakan yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana. A sama abin ya fi muni: nauyi ya koma wajen jela, hanci ya riƙa neman ɗagawa, kuma idan fukafukai suka daina ɗaukar iska, dawo da jirgin hanya yakan yi wuya ƙwarai. Saboda haka ka shigar da kekunan cikin lissafin daidaiton nauyi kamar yadda kake shigar da fasinja, sannan ka ɗaure su da igiya ko raga. Ƙarfe mai kilo 12 da ya tsinke cikin gargadar iska ba abin wasa ba ne.

Ni keken feda nake ba ka shawara, kuma a cikinsu Brompton ne ya fi shiga jirgi. A London ake ƙera shi, injiniya Andrew Ritchie ne ya tsara shi a 1975. Idan an naɗe shi yakan koma santimita 58 da rabi, da 56 da rabi, da 27, nauyinsa kilo 11 zuwa 12, kuma sarƙar tana shigewa ciki, ba ta shafa wa kujera baƙin mai. Ka lura awon nan yana dab da girman ƙofar ma'ajiya, shi ya sa matuƙa da yawa ke shigar da shi ta ƙofar gefe su ɗaure shi a kujerar baya da bel. Tsadarsa ce abin ji, sabo ya haura dala dubu. Keken Dahon mai taya inci 20 ya fi araha, ya fi daɗin tafiya mai nisa, amma ya fi girma idan an naɗe. Montague cikakken keke ne mai manyan tayoyi, shi ne na hanyar burji da gargada, sai dai cire tayar gaba ake yi kuma yakan cinye kujerar baya gaba ɗaya. Dabara mai sauƙi: ka sami kwali, ka yanka shi daidai awon keken da ranka ke so, ka je filin ka gwada shigar da shi. Abin da kwali ya ƙi, ƙarfe ba zai yarda ba.

Ta biyu 'yar'uwa ce da ke koyon tuƙi a Florida: "Malam, na ga sukuta mai arha a intanet. Na ji kamfanonin jirage ba sa yarda da irin batirinta. Tunda ƙaramin jirgi ne ba na fasinja ba, zan iya ɗauka?"

'Yar'uwa, wannan tambayar ta fi kowace taɓa zuciyata. Jiragen fasinja suna yarda da batir da ƙarfinsa bai wuce wat-awa 100 ba, ko zuwa 160 da izinin kamfani. Batirin sukutar Xiaomi M365 wat-awa 280 ne, na Segway Ninebot Max ya kai 551. A ƙaramin jirgi matuƙi ne mai yanke hukunci, amma tunda na makaranta ne, sai kin fara jin ta bakinsu. Ko sun yarda, ki tsaya ki fahimci dalilin dokar.

Batirin litiyam ƙananan ɗakuna ne masu yawa a jere. Idan ɗaya ya sami rauni, ko daga faɗuwa, ko zafi, ko aikin ƙira mara kyau, sai ya fara ɗumama kansa, ya kunna na kusa da shi, wancan ma ya kunna na gaba. Tukunyar kashe gobara takan kashe harshen wutar, amma ba ta sanyaya cikin batirin, sai wutar ta sake tashi. Ruwa mai yawa take buƙata, ke kuma kina tsayin ƙafa 6,000, hannu ɗaya a sitiyari, kayan na bayanki inda ba ki kai wa. Kuma hayaƙi ne ke fara cin mutum kafin wuta. Ranar 3 ga Satumba 2010 jirgin dakon kaya na UPS, Boeing 747, ya tashi daga Dubai da kayan da suka haɗa da baturan litiyam masu yawa. Wuta ta kama, hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi har ba a iya ganin na'urori, jirgin ya faɗi, matuƙan biyu suka rasu. Wannan katafaren jirgi ke nan. Cikin Cessna bai fi cikin ƙaramar mota ba.

Don haka mai arhar nan da ba a san maƙeranta ba, ki bar ta. Idan lallai sai mai batir, ki nemi wadda ke da shaidar gwajin tsaron batir na UL 2272, ko UL 2849 idan keken lantarki ne. Na fi son wanda batirinsa ke cirewa, kamar Brompton mai lantarki da batirinsa ke zama cikin jaka, don ki ajiye shi inda idonki ke gani. Kada ki yi caji cikin jirgi, kada ki ɗauki batirin da ya kumbura ko ya taɓa faɗuwa, kada ki bar shi cikin jirgi a rufe a ranar Florida. Sannan ki tuna hanyoyin da ke fita daga filayen ƙauye galibi manyan motoci ke gudu a kansu, babu gefen masu tafiya a ƙasa, tayar sukuta kuma ƙarama ce, ɗan rami ya ishe ta. Hular kwano da fitila suna cikin kuɗin sayen.

Na uku dattijo ne a Ingila mai jirgin Piper Archer: "Gwiwa ta fara ciwo, feda ta gagare ni. Me ka gani game da ƙaramin babur mai naɗewa?"

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ma'ajiyar Archer tana ɗaukar kilo 90, don haka nauyi ba zai hana ba. Kamfanin Di Blasi na Sisili a Italiya ya daɗe yana ƙera babur mai naɗewa mai ƙaramin inji, nauyinsa wajen kilo 30, amma ɗaga kilo 30 zuwa ƙofar jirgi aiki ne ga mai ciwon gwiwa, ga tururin fetur cikin rufaffen ɗaki, ga rajista da inshora. Honda ta fito da wani mai suna Motocompacto a 2023, irin sukutar lantarki ne, kilo 19, yana naɗewa kamar akwati, yana tafiyar kilomita 19 a caji ɗaya. Sai dai a Ingila doka ba ta yarda a hau sukutar lantarki ta kashin kai a titin jama'a ba, ta haya kaɗai aka amince da ita a wasu garuruwa. Keken feda mai taimakon batir shi doka ta sani, shi kuma zai sauƙaƙa wa gwiwar.

Ta ƙarshe gajeriya ce: "Dole ne in sace iskar taya kafin mu tashi, kada ta fashe a sama?"

A'a. Tsakanin ƙasa da tsayin ƙafa 10,000 bambancin matsin iska bai kai ma'auni 5 na gejin taya ba, tayar Brompton kuwa har 100 ake hura ta. Bar ta yadda take, sai dai ka saka ƙaramin famfo da tif guda a jaka, domin a can babu mai faci a bakin hanya.