Amsa ga kawun yaron da ake son yi wa albam yana ɗan shekara 15

Malam, na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce ɗan yayarka mai shekara 15 yana waƙar R&B da Hausa, 'yan bidiyoyinsa na TikTok sun fara yawo a salulolin Maraɗi, kuma wani mai sutudiyo ya ce zai yi masa albam sukutum ba tare da kun biya ko dala ba, sa hannu a takarda kawai yake so. Kana tambaya ko ku yarda.

Na sayar da kaset da faifan CD a kasuwa lokacin da suke ci, daga baya na koma ɗaukar murya da haɗa sauti, kuma yara da dama sun tsaya gaban makirufo ina zaune ina juya musu na'ura. Na saurari biyu daga cikin waƙoƙin yaron naku. Ya iya, tubarkalla, ba sai an yi gardama a kan wannan ba. Sai dai albam ɗin farko na yaro, muryar ce kaɗai tasa. Wa zai rubuta baitoci, wane kiɗa za a ɗora, wane kaya zai sa a hoto, aljihun wa kuɗi za su shiga, duk manya ne ke yankewa. Manyan nan su ya kamata ku bincika.

Mu duba Amurka, inda aka haifi wannan salon waƙa, don sun daɗe suna fitar da yara a cikinsa. A 1994 Aaliyah ta fitar da albam ɗinta na farko tana 'yar shekara 15. Kawunta, ɗan'uwan mahaifiyarta, shi ne mai kamfanin Blackground da ya ɗauke ta, shi ne kuma ya haɗa ta da R. Kelly, wanda ya rubuta mata waƙoƙin ya yi kiɗan. Albam ya sayu sosai. A cikin shekarar nan R. Kelly, yana da shekara 27, ya aure ta a ɓoye da takardar bogi mai cewa shekarunta 18. An warware auren, amma sai a 2021 kotu a New York ta same shi da laifukan lalata da ƙananan yara da mata, aka yanke masa shekara 30 a 2022. Ka ga akwai kawu a harkar, bai hana ba. Zumunci a bakin ƙofa ba ya tsaron yaro, sai in akwai babba na gida zaune cikin ɗakin lokacin da ake aiki. Kada ka ce ai naku namiji ne. A sutudiyo na ga inda yara ke koyon ƙwaya da shisha, ana ce musu wai tana buɗe murya, kuma aikin dare shi ne mafi yawa saboda zafi da ɗaukewar wuta.

Wadda labarinta ya fi kama da tambayarka ita ce JoJo. Tana 'yar shekara 12 aka sa mata hannu da wannan kamfani na Blackground, a kan albam bakwai. Na farko ya fito a 2004 tana da 13, na biyu a 2006, daga nan abu ya tsaya cak. Kamfani bai fitar mata da na uku ba, bai kuma sake ta ta tafi wani wuri ba. Sai da ta kai ƙara kotu a 2013 kafin ta kuɓuta, albam na uku bai fito ba sai 2016. Shekara goma kenan, kuma su ne shekarun da mawaƙi ke cin kasuwarsa. A 2018 ta koma sutudiyo ta sake rera albam biyun farko daga tushe, don tsoffin faifan ba mallakarta ba ne, ba ta da ikon sa su inda masoyanta za su ji.

Akwai wanda ya tsira da mutuncinsa. Stevie Wonder ya shiga kamfanin waƙa na Motown yana ɗan shekara 11, an riƙa ajiye masa rabonsa a asusun amana har ya kai 21. Da ya kai, a 1971, bai sabunta tsohuwar takarda ba, ya zauna da su aka yi sabuwa bisa sharuɗɗansa, shi ke zaɓen abin da zai rera. Baiwa duk suna da ita. Bambancin shi ne takardarsa tana da ranar ƙarewa.

To mu dawo gida. Wannan kalma ta kyauta ku riƙe ta da hannu biyu. Mai sutudiyo yana biyan haya, yana biyan wuta da man janareto, yana biyan mai kiɗa. Ba mugu ba ne don yana son kuɗinsa su dawo, ni ma a kujerar nake zaune. Amma a irin waɗannan takardu, abin da aka kashe bashi ne a wuyan yaro, ana cirewa daga rabonsa kafin ya ga ko jikka ɗaya, kuma wanda ya kashe shi ne mai lissafin. Idan takardar ba ta faɗi adadin ba, ba ta faɗi lokacin da za ta ƙare ba, tamkar kun jinginar da gona ne ba ku san nawa kuka karɓa ba, ba ku san daminar da za ku fansa ba.

Haƙƙi iri biyu ne a kowace waƙa, kuma a nan ake cin mutane. Akwai na wanda ya tsara baiti da karin waƙar, akwai na wanda ya mallaki faifan da aka ɗauka. In yaron shi ke rubuta waƙoƙinsa, na farkon nasa ne, ku yi masa rajista da sunansa a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, tun kafin wani ya ji su. Na biyun shi ake ciniki a kai. Ni a ganina mai sutudiyo yana iya riƙe faifan na shekara biyu ko uku ya fanshe wahalarsa, sannan ya dawo hannun yaro. Tashar YouTube da shafin TikTok kuwa su zauna da lambar wani babba na gidanku. Na san yaron da suka ɓata da mai gidansa, ya wayi gari ba shi da hanyar shiga shafin da ke ɗauke da sunansa da fuskarsa.

Takardar da faransanci za ta zo. Kada wanda ya rubuta ta ya zama shi ne mai fassara muku ita. Ku karɓi kwafi ku kai wa lauya ko wani masanin doka da ba shi da ruwa da sutudiyon. Yaron bai kai sa hannu ba, mahaifinsa ne zai sa, don haka ya zama mahaifin ya san komai, har da kalmomin waƙoƙin. Maraɗi ce fa. Baitin soyayyar da zai wuce lafiya a bakin mai shekara 25, in ya fito daga bakin ɗan koleji, gobe a masallacin unguwa za a tare uban da shi, kuma abin da ya shiga salula ba ya gogewa.

Ku tambayi asalin kiɗan ma. Yawancin yaranmu daga YouTube suke sauko da shi, an rubuta kyauta ne, alhali kyautar ta gwaji ce, ba ta sayarwa ba. Ranar da waƙa ta yi tashe, mai kiɗan yana can wata ƙasa zai sa a sauke ta ko kuɗinta su koma wurinsa.

Sai murya, wadda ita ce ta sa nake ganin albam ya yi wuri. Namiji a shekara 15 muryarsa ba ta gama zama ba. Usher, mawaƙin Amurka, shi ma ta same shi: yana shirin albam ɗinsa na farko, wanda ya fito a 1994, muryarsa ta buɗe har kamfanin ya fara shakkar sa, albam ɗin kuma bai yi wani armashi ba. Sai na biyu a 1997 ya ɗaga shi. Albam mai waƙa goma a irin sutudiyonmu yakan ci watanni, sai ka ji waƙar farko da ta ƙarshe kamar mutum biyu ne suka rera. R&B kuma ba ta rufa asiri. Jan murya ne da lanƙwasa ta, da ɗora amshi bisa amshi, wani sama wani ƙasa. Auto-Tune, abin daidaita murya a kwamfuta, yana gyara ɗan kuskure, amma in yaro ya daina kai inda yake kaiwa, za a ji ranar da ya hau dandamali a gidan al'adu. Ga kuma Hausa da ba ta son a ja ta inda ba a ja, in ka miƙa gajeren wasali don kiɗa ya zauna, sai kalma ta tashi daga ma'anarta. Wannan sai da shekaru ake gwanancewa da shi.

Ban da haka, wa ke sayen albam yanzu? Tun da masu tura waƙa a memori suka kashe mana kasuwar faifai, waƙa ɗaya-ɗaya ke tafiya, daga WhatsApp zuwa WhatsApp, har Katsina da Kano. Kuɗin mawaƙi a nan yana wurin biki da wasan sallah da gayyata, kuma waƙa ɗaya mai kyau ta isa ta kawo su.

Da ɗan yayata ne, zan ce wa mai sutudiyon a fara da waƙa biyu, a lokacin hutun lakwal, bayan yaro ya gama da jarrabawar BEPC ta ƙarshen koleji. Ku biya kuɗin ɗaukar da kanku in da hali, ko gida ya haɗa, don faifan ya zama naku. In babu hali, takardar ta tsaya a kan waƙoƙin nan biyu kaɗai, da suna da adadi da ranar ƙarewa. Ku kuma ce a ba ku muryar daban da kiɗan daban a memori, ba haɗaɗɗiyar waƙar kawai ba, don in muryarsa ta ƙara kauri baɗi a sauke kiɗan ƙasa ya sake rerawa ba sai an roƙi kowa ba. Idan kun samu kwafin takardar, rufe sunayen ka turo mini ta gefe in duba abin da na sani a ciki kafin ku kai wa lauya.