Tambaya da Amsa: Fim ɗin The Hunger Games ya cika wa littafinsa haƙƙi kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli The Hunger Games kuma ya burge ni, amma ƙanwata da ta karanta littafin ta dage wai an ɓata labarin. Da gaskiyarta, ko iyayi ne kawai irin na masu karatu?
Daga wata mai bibiyar wannan shafi

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙanwarki tana da hujja, amma ta ɗan zaƙe.

Suzanne Collins ta fitar da littafin a 2008, Gary Ross ya mayar da shi fim a 2012, kuma da hannunta aka tsara rubutun fim ɗin. Shi ya sa ƙashin bayan labarin bai goce ba: ƙasar Panem, gundumomi 12, duk shekara a ɗebi yara 24 'yan shekara 12 zuwa 18 su kashe juna ana haskawa a talabijin.

Inda aka yi asara shi ne zuciyar Katniss, yarinyar da labarin ke kanta. A littafin ita ke ba da labari da bakinta, duk abin da take saƙawa muna ji. Lokacin da take jinyar Peeta, yaron da aka ɗebo tare da ita daga gundumarsu, a kogo, mai karatu ya san lissafi take yi: ta gane cewa in ta nuna masa so a gaban kyamara, Haymitch, mai ba su shawara daga wajen filin, zai samu masu aiko musu da abinci. Ita kanta ta kasa tantance inda wasan kwaikwayo ya ƙare, inda gaskiya ta fara, kuma wannan ruɗanin ne gishirin littafin. Jennifer Lawrence, wadda ta fito a matsayin Katniss, ta yi iya ƙoƙarinta da ido da fuska, amma kyamara ba ta shiga zuci. Da yawa sun tashi daga kallon suna ɗauka soyayya ce zalla.

An kuma rage zafin abin don a bar matasa su shiga sinima. A littafin Peeta ya rasa ƙafa ɗaya, a fim ya koma gida da ƙafafunsa biyu. Namun dajin da aka sako wa yaran a ƙarshe, a littafin idanun yaran da suka mutu ne a fuskokinsu; fim ya mayar da su karnuka kawai. Wannan kam ya ba ni haushi. Labarin da ke zargin masu mayar da mutuwar yara abin nishaɗi, bai kamata a sassauta shi har kallonsa ya yi daɗi ba. Cire Madge, 'yar magajin gari da ta ba Katniss ɗan bajon tsuntsun da take maƙalawa a riga, bai dame ni ba.

Sai dai ki faɗa wa ƙanwarki fim ɗin ma ya yi ƙari. Tunda bai ɗaure kansa da idon Katniss ba, ya kai mu ɗakin da Seneca Crane, mai shirya wasan, da ma'aikatansa ke kunna wa yara wuta da maɓalli, ya nuna mana Shugaba Snow mai mulkin Panem, wanda Donald Sutherland ya fito a matsayinsa, yana gyaran furanni yana auna yadda zai riƙe talakawa. Boren Gunduma ta 11 bayan mutuwar Rue, ƙaramar yarinyar gundumar da ta yi ƙawance da Katniss, shi ma babu shi a littafin; burodi kawai suka aiko wa Katniss.

Ki ari littafin a wurinta, ki karanta babin kogon a tsanake, sannan ki sake kallon wurin a fim.