Faifai Ya Lalace, Rumbun Bayanai Ya Rikice

Tambaya: Malam, faifan ajiyar kwamfutar shagonmu a Kasuwar Barci ya lalace bayan ɗauke wuta. Yanzu SQL Server, manhajar rumbun bayananmu, na nuna kuskure 824. Ina mafita? Daga mai karatu, Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, kashe ta tukuna, don rubutu kan faifai mai ciwo ƙara ɓarna ne. Kwafe faifan zuwa wani sabo da ddrescue, manhajar ceto bayanai daga faifan da ya lalace, ka yi aiki a kan kwafin. 824 na nufin an karanto shafin (ɗan yankin da SQL Server ke adana bayanai a ciki) amma ya gurɓace. Kuskure 823 kuwa karantawar ce ta gagara. Sa DBCC CHECKDB, umarnin duba lafiyar rumbun bayanai, ka leƙa teburin suspect_pages, inda ake jera shafukan da ake zargin sun gurɓace, a msdb, rumbun da SQL Server ke ajiye bayanan aikinsa. In ɓarnar ta taɓa ainihin bayanai, maido daga kwafin ajiyar da ka yi kafin ɓarnar (backup). REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS fa, zaɓin gyara na DBCC CHECKDB, zubar da shafuka yake yi, kada ka sa shi sai in babu kwafin ajiya ko ɗaya.