Amsa: Me ya sa mutanen Vietnam suka gudu ta teku bayan an gama yaƙi?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya kore su alhali yaƙi ya ƙare. Bayan 'yan kwaminis sun kama Saigon, babban birnin Vietnam ta Kudu, ranar 30 ga Afrilu 1975, aka kwashe tsofaffin sojoji da ma'aikatan gwamnatin Kudu zuwa sansanonin "gyaran tunani", wasu suka yi shekaru a tsare. A 1978 aka ƙwace shagunan 'yan kasuwa, yawancinsu 'yan asalin Sin.

Sai mutane suka cunkushe cikin ƙananan jiragen kamun kifi, da jarirai da tsofaffi. Ga ƙishirwa, ga guguwa, ga 'yan fashin teku a mashigin Thailand masu sace mata. Wannan wurin kam yana min ciwo.

Tsibirin Bidong na Malesiya kaɗai ya ɗauki kusan mutum 40,000 daga cikin waɗannan 'yan gudun hijira a 1979.