Amsoshin Tambayoyinku: Tura Bidiyo Daga Burauza Zuwa Talabijin

Tambaya: Malam, na danna ɗigo ukun nan na saman Chrome, na zaɓi Cast, amma talabijin ɗina bai fito ba.

Amsa: Duba ko kwamfutar da talabijin ɗin suna kan Wi-Fi ɗaya, nan ne matsalar take yawanci. Idan kana amfani da VPN, wato manhajar da ke ɓoye inda kake shiga intanet, kashe shi. Kuma sai talabijin ɗin yana da Chromecast a cikinsa, wato fasahar Google ta karɓar abin da aka turo, ko an jona masa na'urarta.

Tambaya: Wani shafin fina-finai na kyauta ya ce sai na sauke wata 'yar manhaja a burauza kafin in tura fim zuwa talabijin. Na sauke, yanzu tallace-tallace sun hana ni sakat.

Amsa: Haba ɗan'uwa! Sau nawa zan faɗa? Tun shekarar 2016 Google ya saka hanyar turawa a cikin Chrome kansa, ba a buƙatar ƙarin komai. Edge ma yana da tasa. Duk shafin da ya ce sai ka sauke wani abu kafin ka kalli bidiyo a talabijin, tarko ya ɗana maka, kai kuma ka shiga da ƙafafunka biyu saboda kwaɗayin fim ɗin kyauta.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba tallan ba ne. Lokacin da ka saka manhajar, an tambaye ka ko ka yarda ta karanta kuma ta canza bayananka a duk shafin da ka buɗe, ka danna amincewa ba tare da ka karanta ba. Ma'anarsa, tana iya ganin abin da kake rubutawa a shafin imel ɗinka da na bankinka. Tallan da kake kuka da shi, shi ne ɗan abin da ya fito fili.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka shiga jerin ƙarin manhajojin burauzarka ka cire ta, ka cire duk wadda ba ka tuna dalilin saka ta ba. Ka soke izinin sanarwa da ka ba shafin. Sannan ka canza kalmar sirrin imel ɗinka da farko, domin da shi ake buɗe sauran asusunka. Ni duk wata sai na leƙa jerin nan, ina kuma so ya zama ɗabi'ar kowa.

Tambaya: Hoton yana tsayawa yana ci gaba, murya kuma tana rigan baki.

Amsa: Hajiya, shafin gaba ɗaya kike turawa. A haka kwamfutar ce ke ɗaukar hoton allonta tana aikawa, aiki ne mai nauyi. Idan YouTube kike kallo, danna alamar turawa da ke jikin bidiyon, talabijin ɗin zai jawo shi da kansa daga intanet, kwamfutar ta zama rimot kawai. Idan na'urar Wi-Fi ɗinku tana da layin 5 GHz, ki koma kansa. Amma ni har kullum wayar HDMI nake so: ki jona, ki danna maɓallin Windows da P, ki zaɓi yadda kike son allon, hoto da murya su tafi tare.

Tambaya: Ina amfani da Safari a kan Mac, ban ga Cast ba.

Amsa: Ba za ka gani ba, Apple da AirPlay yake aiki, wato tasa hanyar tura bidiyo zuwa talabijin. Yawancin talabijin na Samsung da LG da Sony da suka fito daga 2019 suna karɓarsa, nemi alamarsa a jikin bidiyon.